Kek mai kayan shayi a gidan takaba: nazarin wani lamari a Gusau

A garuruwanmu idan aka yi rasuwa, abinci ba ya yankewa a gidan har a yi sadakar bakwai. Maƙwabta su aiko da tuwo, dangi su kawo shinkafa da gumba, har a rasa inda za a ajiye kwanuka. Al'adar tana da tushe mai ƙarfi, domin lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina bayan yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da zai shagaltar da su ya same su. Inda muke da rauni shi ne bayan nan. Baƙi su watse, a mayar wa kowa kwanonsa, a bar matar mamaci da wata huɗu da kwana goma a gaba. Ga abinci a gida, amma ba ya wuce mata maƙogwaro.

Lamarin da zan bayyana ya faru ne a wani gida a unguwar Tudun Wada, cikin Gusau, daga kakar 2023 zuwa 'yan makonni kafin azumin 2024. Na san gidan sosai, kuma da yardarsu nake rubutawa, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba. Zan kira su yadda suke kiran junansu.

Gidan da halin da aka shiga

Inna ta doshi shekara sittin. Mijinta, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ɗan kasuwar yadi ne, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Suna zaune gida ɗaya da ɗansu na fari da matarsa, wadda Inna ke kira Amarya duk da cewa ta haihu biyu. Sauran 'ya'yan suna aure ko aiki a Ƙaura Namoda da Talata Mafara da Kaduna, kuma halin da hanyoyin Zamfara ke ciki bai bari su riƙa zirga-zirga yadda suke so ba. Don haka nauyin kula da Inna ya faɗo kan suruka, mutumin da al'ada ta ɗora wa kunya mafi yawa a gidan. Amarya ba za ta iya tsare Inna da ido ta ce sai kin ci ba. Iyakarta ta durƙusa ta ajiye kwano, ta dawo bayan awa ɗaya ta ɗauke shi kusan yadda ta ajiye.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani game da zaman Inna da Alhaji. Fiye da shekara talatin, ita ke dafa masa shayi bayan sallar asuba, da citta da kanumfari da ɗan masoro, kuma ita ke daka kayan da hannunta a wani ƙaramin turmi da ba a taɓa yi wa wani aiki da shi ba. Washegarin rasuwar ta ce a ɗauke turmin daga gabanta. Shayi kuwa ta daina sha ɗungurungum. Ko butar ta gani sai ta kau da kai.

Kafin a yi arba'in zanenta ya fara yi mata yawa. An gwada abin da aka saba gwadawa: farfesun kaza, fura da nono mai kyau, kunun gyaɗa, faten wake. Ɗanta ya sayo garin sha'ir a kantin magungunan Musulunci aka yi mata talbina da madara da zuma, saboda hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce talbina tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana kuma tafiyar da wani ɓangare na baƙin ciki. Ita da kunu su ne suka riƙe ta a makonnin farko, cokali kaɗan-kaɗan. An kuma kai ta asibiti, wanda shari'a ba ta hana mai takaba ba idan lalura ta kama. Likita ya sami jininta ya ɗan hau, sukarinta lafiya lau. Ya ba da magani, ya ce a riƙa ba ta abinci kaɗan amma sau da yawa, kuma a dawo da ita ba tare da ɓata lokaci ba idan barci ya ƙaurace mata ko ta fara maganar gajiya da rayuwa.

Yadda kek ya shigo maganar

Da hunturu ya kankama a watan Disamba, ƙaramin ɗan Amarya ya kamu da mura. Ta ɗora ruwa a tsakar gida, ta jefa citta da kanumfari. Tana fifita wuta sai ta ji motsi, ta waiwaya ta ga Inna tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, abin da ba ta yi da rana ba tun rasuwar.

"Amarya, mi kika dahwawa nan?"

"Citta da kanumfari, Inna. Yaro na ka mura. In zubo miki?"

"A'a, bar shi."

Ta ƙi sha, amma ba ta koma ɗaki ba. Ta jawo tabarma ta zauna inda tururin ke kaiwa har aka sauke tukunyar. Amarya mace ce mai lura. Ta fahimci cewa ƙamshin yana jawo Inna, kofin shayin ne ba ta iya ɗauka, domin kofin na Alhaji ne, lokacinsa ne, kujerarsa ce. Sai ta yi tunanin ko za a iya kai mata ƙamshin a cikin wani abu da bai taɓa shiga tsakaninta da mijinta ba. Alhaji bai kasance mai cin kek ba, Inna ma ba ta taɓa yin sa ba. Amarya kuwa ta iya, tun tana gidansu take yin na sallah da na biki.

Ta duba wayarta ta sami yadda ake yin ƙananan kek masu kayan shayin Indiya. Asalin haɗin daga can yake. Turawan Ingila ne suka faɗaɗa noman ganyen shayi a yankin Assam tun shekarun 1830, amma talakan Indiya bai rungumi shansa ba sai cikin ƙarni na 20, bayan kamfanoni sun yi ta tallarsa a masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa. Masu sayarwa a bakin hanya, takwarorin mai shayinmu, su ne suka cika shi da madara da sukari da kayan yaji: kadamom, citta, girfa, kanumfari da baƙin barkono. Shi kuma ƙaramin kek da ake gasawa a ɗan kofi, a Amurka aka fara rubuta yadda ake yin sa, tun 1796. Haɗa su biyun sabon abu ne. Abin da ya ja hankalin Amarya shi ne, a cikin kayan ƙamshin nan biyar, uku suna cikin shayin Alhaji, idan aka ɗauki masoro a madadin baƙin barkono, kasancewarsu dangin juna.

Tukunyar farko ba ta yi kyau ba. Amarya ta yi amfani da garin kanumfari na leda, ta zuba da ido, kuma ƙasan kek ɗin ya ƙone. Duk da haka ta zaɓi mai dama-dama ta kai. Inna ta gutsura, ta tauna, ta ajiye.

"Wa yac ce miki haka aka sa kanumfari? Wanga ai magani na kiy yi, ba abinci ba."

Amarya ta ce mini ba ta taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Wata biyu ke nan Inna ba ta ce wani abu ya yi daɗi ko bai yi ba. Duk abin da aka kawo sai ta ce an gode. Ranar ta ji ɗanɗano har ta ƙi shi, ta kuma faɗi dalili. Bayan la'asar ta aiko jikanta ya ce wai a ɗauko mata turminta.

Kayan ƙamshin

A nan ne lamarin ya fi ba ni sha'awa, domin abin da Inna ta sani da hannu da hanci ya dace da abin da masana sinadaran abinci suka bayyana.

Kanumfari shi ne mai ƙarfin cikinsu. Man da ke jikinsa mafi yawansa wani sinadari ne da ake kira yujinol, wanda ke kashe jin harshe na ɗan lokaci, shi ya sa ake danna shi a haƙori mai ciwo. A cikin shayi ruwa yana rage masa kaifi, kuma ana tace shi a zubar. A cikin kek kuwa ba inda za shi, duk abin da aka zuba sai an ci. Inna ta yanke hukunci cewa ƙwaya huɗu sun ishi kek goma sha biyu, kuma a zaɓi masu kai, waɗanda idan aka danna su da farce za a ga alamar mai.

Citta busasshiya ta zaɓa, ba ɗanya ba. Ɗanyar tana da ruwa da zare, kuma ƙamshinta yana laushi idan ya sha wuta. Idan citta ta bushe, wani ɓangare na sinadarin da ke ba ta yaji yana rikiɗewa zuwa wanda ya fi shi zafi, don haka kaɗan take isa, kuma tana jure gashi. A shekarar citta ta yi tsada ƙwarai, saboda cutar da ta faɗa wa gonakinta a kudancin Kaduna a daminar 2023, yankin Kaciya da Jaba da Kagarko inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa. Tsadar ta sa garin citta na leda ya zama abin tuhuma, ana cakuɗa shi da abin da ba a sani ba. Inna ta ce a sayo mai yatsu a kasuwa, a karya a shinshina kafin a biya kuɗi.

Girfa ba ta cikin shayin Alhaji, amma Inna ta san ta, ta kuma yarda da ita. Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce mai kauri da tauri, da ake nomawa a Sin da Indunusiya da Biyetnam. Ta Siri Lanka siririya ce, ɓawonta a naɗe sala-sala, ƙamshinta ya fi sanyi, kuɗinta ya fi yawa. Mai kaurin ta wadatar a kek, sai dai tana ɗauke da wani sinadari, kumarin, da ke iya wahalar da hanta idan aka lazimci sha da yawa kullum. Ƙaramin cokali ɗaya a kek goma sha biyu bai kai wannan matsayi ba, amma masu jiƙa ta suna sha safe da yamma a matsayin magani su kula.

Kadamom ne baƙo. Inna ta san ƙamshinsa daga gahawar da ta sha a Makka, amma ba ta taɓa dakawa ba. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan ƙamshi da tsarabar Saudiyya, yana kuma cikin mafi tsadar kayan yaji a duniya. Asalinsa kudancin Indiya ne, ko da yake yanzu ƙasar Gwatamala na cikin manyan masu noma shi. Ana fasa koren kwanson, a fitar da baƙaƙen 'ya'yan, su kaɗai ake dakawa, kuma a lokacin da za a yi amfani da su, domin ƙamshinsa ba ya jimawa bayan an daka. A ganina shigowarsa ta taimaka ta wata hanya da ba a yi tsammani ba: ya sa ƙamshin kek ɗin ya yi kama da na shayin Alhaji ba tare da ya zama shi sak ba.

Sun gwada kimba, Inna ta ce a cire, 'ya'yanta na da ɗaci kuma warin hayaƙinta ya fi dacewa da yaji da kunu. Masoro kuwa ta ce ƙwaya uku kawai, wanda ba za a gane yana ciki ba sai dai a ji ɗumi a maƙogwaro bayan an haɗiye.

Gyara mafi muhimmanci da ta kawo shi ne na mai. Ta ce a narka cokali ɗaya na man shanu, a sauke, a zuba dakakken kayan a ciki yana da ɗumi, a bar shi ya huce kafin a haɗa da sauran. Ta ja kunne cewa kada a ɗauko man shanun miya da aka soya da albasa. Hujjarta ita ce haka ƙamshi ke kama jiki. Gaskiya ta faɗa, domin mafi yawan sinadaran ƙamshin waɗannan kayan a cikin mai suke narkewa, ba a ruwa ba, kuma man ne ke riƙe su ya hana su bin tururi.

Awo da gashi

Ga awon da suka tsaya a kai, na kek goma sha biyu, da gwangwanin madarar Peak a matsayin ma'auni kamar yadda aka saba a gidajenmu. Fulawa gwangwani biyu da ɗan ɗori, wajen giram 200. Sukari gwangwani ɗaya ba a cika ba. Bota rabin leda mai giram 250. Ƙwai biyu, ko uku idan ƙanana ne. Bekin hoda ƙaramin cokali biyu, da ɗan gishiri. Citta da girfa ƙaramin cokali ɗai-ɗai, 'ya'yan kadamom na kwanso shida, sai kanumfari da masoro yadda na ambata. Madara kamar kashi biyu cikin uku na gwangwani, a ɗumama ta, a tsoma ƙunshin Lipton biyu na minti biyar, a cire ba tare da an matse ba, domin matsewa da daɗewa su ke kawo bauri. Dole madarar ta huce sarai kafin a zuba, in ba haka ba za ta narka botar, ta kuma tayar da bekin hoda tun kafin a kai wuta.

Ana buga bota da sukari da muciya har su yi fari su yi sauƙi. Wannan bugun ne ke cusa iska a ciki, kuma da hunturu yana da wuya saboda botar ta daskare, sai an ajiye ta a rana ta yi laushi, amma ba ta narke ba. Sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sai man shanun da kayan ƙamshi. Daga nan a tankaɗe fulawa da bekin hoda, a riƙa zubawa ana musanyawa da madara. Da zarar fulawa ta shiga, bugu ya ƙare, juyawa kawai ake yi a hankali har garin ya ɓace. Wanda ya ci gaba da bugu zai tayar da danƙon alkama, kek ya fito da tauri.

Gidan suna da oban na gas, amma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, komai ya yi tsada, gas ya zama na dafa abin gaggawa kawai. Don haka tukunya da yashi suka koma. Ana wanke yashin a shanya, a zuba kaurin yatsu biyu a babbar tukunya, a rufe a ɗora a kan gawayi kamar minti goma sha biyar. A shafa wa gwangwanayen kek mai, a cika su kashi biyu cikin uku, a jera a kan faranti a bisa yashin. Mai oban zai sa digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas (°C) na minti ashirin ko kusa da haka. A tukunya yakan kai minti ashirin da biyar zuwa talatin.

Ƙonewar ƙasa da ta ɓata tukunyar farko, Inna ce ta magance ta, ita da ba ta taɓa gasa kek ba. Shekarun da ta yi tana sarrafa wutar masa da hoce sun koya mata cewa wutar ƙasa ita ke cin abinci. Ta sa aka rage garwashin ƙasa, aka kwashe fiye da rabi aka ɗora a kan marfi. Ta kuma hana buɗe tukunya a minti goma sha biyar na farko, abin da masu gashi suka yi ittifaƙi a kai, domin iska mai sanyi na sa tsakiyar kek ya faɗa tun bai kama jikinsa ba. Ana gane ya nuna idan aka soka tsinke ya fito a bushe.

Wani abu da nake roƙon duk mai karatu ya riƙe: a tsakar gida ake wannan gashi, ko da sanyi ya kai yaya. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci.

Kirim ɗin bota da sukari da Amurkawa ke tulawa a kai, sun bar shi. Ya cika zaƙi, yana rufe ƙamshi, kuma ba ya zama a gidan da wutar lantarki ba ta da tabbas. Ɗan zuma ake shafawa a kai yana da ɗumi, a rufe a roba mai marfi da zarar ya huce, saboda iskar hunturu na busar da shi cikin yini ɗaya.

Maganar Goggo

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Ƙanwar Alhaji, wadda yaran ke kira Goggo, ta zo daga Ƙaura ta tarar da gida ya gauraye da ƙamshi, ga Inna zaune a tsakar gida da turmi a gabanta. Ta kira Amarya gefe.

"Ke ɗiyar nan, yaushe anka fara turara ma mai takaba gida? Ɗan'uwana ko wata ukku bai yi ba."

Bai kamata a yi wa Goggo mummunar fahimta ba. Ita ma rashi ta yi, kuma a idonta ƙamshi da kek alamun biki ne. Amarya ba ta mayar da magana ba, ta ba da haƙuri, ta gaya wa mijinta da dare. Shi kuma ya tambayi limamin masallacinsu. Amsar ita ce wadda ke cikin littattafan fiƙihu: abin da aka hana mai takaba shi ne ado, da sa turare a jiki ko tufafi, da kwalli da lalle, da kwana a wani gida ba nata ba, da ɗaura aure. Ba a hana ta cin abu mai daɗi ba, ba a hana ta girki ko daka ba, ba a kuma ce ta ƙuntata wa kanta da yunwa ba. Da aka kai wa Goggo wannan bayani ta yi shiru, daga baya ta ce ita dai ba haka ta taso ta gani ba. Kafin ta koma Inna da kanta ta ƙulle mata guda shida a leda, ta karɓa.

Na daɗe ina ganin yadda muke ɗora wa mai takaba abin da addini bai ɗora mata ba, har rama ta zama shaidar son miji. Idan ta ci da kyau a yi gulma, idan ta yi dariya a ce ta manta. Wannan tunani yana cutar da mata masu shekaru, waɗanda da ma jikinsu ba ya jure rashin abinci. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Abin da nake ganin ya yi aiki

Ba na jin sirrin yana cikin kek ɗin kansa. Da Amarya ta sayo na kanti mai tsada ta ajiye, da an ce an gode an mayar. Abu na farko shi ne ƙamshi. Jijiyar shinshina tana kai saƙo kusan kai tsaye zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin zuciya, shi ya sa wari ɗaya ke iya dawo wa mutum da shekaru. Wannan ƙarfin ne ya hana Inna shan shayi, shi ne kuma ya fito da ita daga ɗaki. Dabarar Amarya ita ce ta raba ƙamshin da kofin.

Girman abin ma ya taimaka. Malmalar tuwo a gaban wanda ba ya jin yunwa tana karya masa gwiwa tun bai sa hannu ba. Ƙaramin kek loma uku ne, ga ƙwai da madara da mai a ciki, kuma wanda ya cinye ya gama wani abu. Da farko rabi take ci da kunun gyaɗa da hantsi. Bayan kwanaki ta fara neman fura da rana, daga baya tuwon dawa da miyar kuka ya dawo da dare.

Amma abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne aikin da ya koma hannunta. Tun ranar rasuwa kowa ke yi mata hidima, ba wanda ke buƙatar komai daga gare ta. Mace da ta shekara talatin tana tashi da asuba saboda wani yana jiran abin da za ta daka, an wayi gari ba mai jira. Da kanumfarin Amarya ya yi yawa, sai ga wani abu a gidan da ba zai gyaru ba sai da ita. Amarya ta gane haka, kuma ko bayan ta haddace awon ba ta daina zuwa ta durƙusa ta ce, "Inna, a duba mani ko cittar ta isa," ba. Tsakanin suruka da uwar miji, inda kunya ba ta bari a zauna a yi maganar zuci, turmi da tukunya sun ba su abin da za su yi magana a kai na awa biyu, kuma a cikin irin wannan zama ne Inna ta fara ba da labarin Alhaji, wani lokaci da hawaye.

Lamarin yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Kek bai warkar da hawan jini ba, maganin likita ne ya sauko da shi. Da gwaji ya nuna Inna na da ciwon sukari, da wannan hanya ba ta dace da ita ba sam. Da kuma rashin cin ya zo da rashin barci mai tsanani ko yanke ƙauna, da asibiti za a koma, ba madafa ba. Ko a haka, da suka koma ganin likita ya ce a rage zaƙi, suka mayar da sukarin kashi biyu cikin uku na gwangwani, kuma guda ɗaya take ci a yini, da safe, saboda ganyen shayin da ke ciki kada ya taɓa mata barci.

Inna ta fita takaba a ƙarshen Fabrairun 2024, jikinta ya dawo kusan yadda yake. Shayi mai citta har yanzu ba ta sha, kuma ba wanda ya matsa mata. Ana yin kek ɗin duk ranar Alhamis, a ci wasu a gida, a ba almajiran unguwa sauran ranar Juma'a da niyyar sadaka ga Alhaji. Da maƙwabta suka fara tambaya, ɗanta ya kawo shawarar a riƙa yin na sayarwa. Inna ta ce Amarya ta yi sana'arta, Allah ya sa albarka, amma ita abin da ta daka a turmin nan ba na kuɗi ba ne. Yanzu Amarya tana yin na sayarwa da kayan da take niƙawa da kanta, tana kai wa wani shago kusa da makarantar yara, na gida kuma yana jiran dakan Inna.